Abin da Almakashi Ya Cinye

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da cewa ina wulaƙanta bawan Allah, ku gyara zama, yau ranarku ce. Ba zan kare kaina ba. Zan faɗa muku yadda aka yi tun daga safe, in na gama ku yi min duk faɗan da za ku yi.

Wanda yau ya fara leƙowa kuma, ni ce Auta a gidanmu, ina shekarar ƙarshe a sashen zane da tsara hoto. Yau ne baje kolin aikinmu na kammala karatu. Ƙarfe huɗu na yamma za a buɗe zaure, malamai su zagaya da takardar ba da maki, iyaye su biyo baya. Wata biyar na yi ina fama da wannan aiki, har na rame wuyana ya yi tsawo.

Tun ƙarfe bakwai Mama ta turo ƙofar ɗakina da kofin shayi a hannu. Mama ba ta kai wa kowa shayi ɗaki, don haka ina ganin kofin na san da magana. Ta tsallake guntayen takardun da suka cika ƙasa, ta ɗaga doguwar rigata ruwan toka da na rataye a bayan ƙofa ta ce gugar ba ta yi ba, ta gyara labule, sannan ta zo kan abin da ya kawo ta. Wai tuna min kawai take yi, ni da bakina na ce a bar maganar aure sai na gama aikin makaranta, to yau aikin makaranta zai ƙare. Kawun yaron ya sake kiran Baba, kuma mutum ai yana gajiya da jira.

Yaron da take nufi shi ne Mai Tawada. Ni na sa masa sunan, don tun da na san shi ban taɓa ganin farcensa fari ba. Yana da shagon buga takardu a bayan makarantarmu. Shekara guda da rabi ke nan yana zuwa gidanmu, Baba ya yarda da shi, Mama kuwa kamar ita ta haife shi. Ba shi da aibin da zan nuna. Matsalar tawa ce. Duk lokacin da na hango kaina bayan na ce eh, sai in gan ni a kan kujerar roba a kusurwar shagonsa ina tsara wa mutane kalanda har tsufa, ana kirana matar mai firinta. Bai taɓa cewa haka zai yi da ni ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Sai na bi hanyar matsorata. In ya kira in bar waya ta yi ta ruri, in ya turo saƙo in amsa da kalma biyu daga saman allo, ba tare da na buɗe ba.

Na ce wa Mama to. Ta ce "to" ba amsa ba ce. Na ce zan makara, na zura baƙar abayata ta aiki mai tabon gam a hannu, na ce a ba Yaya rigar ta taho min da ita, na fice ko shayin ban sha ba.

Bari in faɗa muku aikin, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane girman ɓarnar ba. Na zauna a ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu na laburare na buɗe shafin wasanni ɗari shida, ɗaya bayan ɗaya, da rula a hannu. Hoton mace talatin da ɗaya na samu, tara kacal aka rubuta sunansu. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne yankan. Namiji in ya ci gasa za ku ga fuskarsa da kofinsa da haƙoransa talatin da biyu. Mace kuwa sai a yanke ta ta inda aka ga dama, wata a bar hannunta kawai a gefen shugaban da ke miƙa kyauta, wata a bar bayanta. Sai na shiga neman ainihin hotunan kafin almakashi ya ci su. Mai Tawada ne ya kai ni wurin wani tsohon mai ɗaukar hoto da ya ajiye aiki, wanda ya adana aikinsa na shekara talatin a gwangwanayen biskit, kowane da kwanan wata. Daga nan na fitar da fosta goma sha biyu, kowace ta kusa tsawona. A kowace hoton yana nan cikakke, sai jan layi mai kusurwa huɗu da ya zagaye ɗan abin da jarida ta buga, don mai kallo ya ga abin da aka zubar.

Sha ɗaya haka suke. Ta goma sha biyu kuwa hoton Yaya ne.

Yayata ta girme ni da shekara tara. Yau in kuka gan ta a kantin maganin da take aiki, da tabarau da hijabi har gwiwa, tana yi wa mutane faɗa kan shan ƙwaya ba bisa ƙa'ida ba, ba za ku ce ta taɓa gudu ko don ruwan sama ba. Amma a da Barewa ake kiranta. Mita ɗari huɗu take gudu, kuma Baba ne ke kai ta fili da kansa a bayan babur, agogon ƙidayar daƙiƙa rataye a wuyansa. Ina shekara goma ta ci babbar gasar ɗalibai. Washegari Baba ya fita da sassafe ya sayo jarida har guda uku, muka zagaye shi a falo, ya buɗe shafin baya. Hoton yana nan, babba kuwa, amma daga wuya zuwa ƙasa. Babu kai, babu suna, babu lokacin da ta yi. A ƙasa an rubuta wai 'yan mata sun ƙawata fili. Duk da haka kowa a layinmu ya gane ta, saboda takalminta rawaya ne mai jar igiya a ƙafa ɗaya. Samarin bakin shago suka yanke hoton suka manna a bango, in ta zo wucewa su yi ta tarin ƙarya. Yaya ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta wanke takalmin, ta sa a kwali, ta tura ƙarƙashin gado. Baba ya yi lallashi har ya gaji. Shekara goma sha biyu ke nan ba ta sake taka fili ba.

Ita ce dalilin aikin nan gaba ɗaya, ko da yake ban faɗa wa kowa ba, har Malamar da ke duba aikina. Ranar da tsohon nan ya ciro min ainihin hoton, na ruga kantin magani ina haki na miƙa wa Yaya waya. Ko kallo ba ta yi ba. Ta kife wayar a kan tebur ta ci gaba da jera kwalaye. Sai da na yi ta magiya sannan ta juyo.

"Abin da suka buga ki yi amfani da shi, duniya ta riga ta gani," ta ce. "Fuskata kuwa ita kaɗai suka bar min. Kar ki kai min ita bango."

Na yi mata alkawari, har da rantsuwar da ba ta nema ba. Don haka fosta ta goma sha biyu na tsara ta daban, jan layin da abin da ke cikinsa kawai, sauran wurin fari fat.

To ga inda ragwanci ya ci ni. Mu masu tsara hoto a kwamfuta muna da wata ɗabi'a, ba ma yanke hoto da gaske. Sai mu saka shi cikakke a cikin firam, mu ja bakin firam ɗin ya rufe inda ba ma so, kamar yadda ake jan labule. Hoton yana nan a baya, duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai iya yaye labulen. Malama ta gaya mana ya fi sau goma, kafin a kai wa mai bugawa a yanke da gaske, a haɗe komai ya zama hoto ɗaya. Ni kuwa shekaranjiya kaina ya ɗau zafi, na tura wa Mai Tawada fayil ɗin yadda yake.

Ƙarfe goma saura na isa shagon. Inji na ta gurnani, warin tawada ya cika wurin. Yana sanye da shuɗiyar rigar nan tasa ya naɗe hannu, idonsa ja saboda aiki. Ya ce ranki ya daɗe, kaya sun kammala. Ya jera min su a nannaɗe a kan dogon tebur, kowace da lamba a jiki, ya fara warwarewa yana danne kusurwa da ƙarfe. Jan ya fito yadda nake so, baƙin ya zauna. Har na fara tunanin ko dai in daina yi wa mutumin nan rowar fara'a.

Ya warware ta goma sha biyu, sai ga Yaya tana kallona.

Jama'a, hoton ya fito cikakke, har da kai. Fuskarta ta fi babban faranti girma, ɗankwalinta ya ɗan zame baya, hannayenta a sama, bakinta a buɗe. Na dafa tebur. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta shi duka ba, don akwai ƙannena a cikinku. Na ce wa ya ba shi izinin taɓa min aiki. Na ce dama na sani, haka kuke, mace ba za ta tsara abu ba sai kun sa hannu kun gyara mata, tun ba a je ko'ina ba ya fara yanke min hukunci, ina ga an je.

Bai katse ni ba. Da na tsaya jan numfashi, ya goge hannu a tsumma, ya buɗe wayarsa ya ajiye a gabana. Jiya ƙarfe biyu da kwata na rana, kira uku, ban ɗauka ba. Sai hoton gwaji da rubutu a ƙasa: "Ta 12 ta bambanta da sauran, kamar firam ya zame ya rufe kan. Na buɗe shi ya yi daidai da 'yan uwansa. Duba ki tabbatar kafin in buga." A ƙasa kuma ga amsata, bayan minti ɗaya: "Buga kawai."

Na tuna lokacin sarai. Ina tsaye a layin karɓar katin shiga zaure na ga alamar hoto ta faɗo a saman allo. Na san maganar bugu ce, amma in na buɗe dole idona ya sauka kan wani dogon saƙo da ya turo sati uku da suka wuce, wanda nake ta kewaye shi kamar rami a hanya. Sai na amsa daga sama na mayar da waya jaka.

Ya tambaye ni wace ce a hoton. Da na ce Yaya ce, sai ya zauna a kan kwali. Ya ƙara kallon fuskar, ya ce wallahi bai gane ta ba, shi Yaya mai tabarau ya sani. Na gaya masa alkawarin. Ya ce me ya sa ban taɓa faɗa masa ba, shi da ya kai ni gidan tsohon da ƙafarsa. Na ce ba lokacin wannan ba ne.

Takarda mai wannan faɗi ta ƙare masa, aikina ne ya cinye naɗin ƙarshe. Ya ce akwai abokin sana'arsa a can ƙarshen gari, zai je ya gwada, amma da zuwa da bugu da bushewa kar in sa rai kafin huɗu. Malama kuwa tuni ta ce duk wanda bai gama rataye aikinsa ƙarfe biyu ba, maki goma ya tafi. In na cire ta goma sha biyu gaba ɗaya kuma, bayanin da na miƙa sha biyu ya ce. Ya ɗauki makullin babur ya fice.

Na loda fostocin a tasi. A hanya wayata ba ta huta ba. Mama: kin ci abinci? Mama kuma: Babanki ya ce shi ma zai zo, har ya sa a goge masa farin kaftani. Sai Yaya: "Rigarki na wurina, na sake goge ta. Zan biyo da wuri in taimaka miki." Na rubuta mata kar ta wahalar da kanta, na goge. Na rubuta ta zo huɗu, na goge. Na rubuta "Yaya akwai magana", na goge wannan ma. Har muka isa ban tura komai ba.

Zauren ya kacame. Kowa na kan kujera ana rigimar guduma, wata na kuka don an buga mata kore a maimakon shuɗi. Bangona yana can ƙarshe kusa da taga. Na rataye sha ɗaya, sau biyu ina buge yatsa. Malama ta zo wucewa, ta tsaya ta gyaɗa kai, ta tambayi ta ƙarshe. Na ce tana zuwa. Ta kalli agogo ta wuce.

Ƙarfe ɗaya da rabi na yanke shawara. Na shimfiɗa ta goma sha biyu a ƙasa bayan wani allon katako inda ba mutane, na durƙusa, na ciro doguwar rula ta ƙarfe da wuƙar yankan takarda. Abin mai sauƙi ne. In bi jan layin in yanke gefe huɗu, in manna tsakiyar a kan farar takarda, in cusa sauran a kwandon shara, alkawari ya cika. Na ɗora rular a wuyan Yaya, na danne da gwiwa, na zaro bakin wuƙar.

Sai hannuna ya ƙi. Wata biyar ina zagin mutumin da ya zauna a ofis ya ɗora rula a daidai wannan wuri, yau ga ni na durƙusa ina gyara kusurwa kamarsa. Na ce wa kaina ai ni da izini nake yi, shi ba shi da shi. Gaskiya ne, amma hannun bai ji ba. Ina nan ina kallon saman hoton don in guje wa idonta, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi a allon kwamfuta ba, don a can ɗigo ne kawai cikin taro. Can sama ta gefen kunnenta, a kan matakalar 'yan kallo, wani mutum ya yi tsalle ƙafafunsa biyu sun bar ƙasa, hula ta tashi daga kansa, hannunsa ɗaya a sama riƙe da agogo, gemunsa baƙi ƙirin. Baba ne. Baban da ko mota ce za ta tashi ta bar shi ba ya ɗaga ƙafa.

"Auta."

Ban san tsawon lokacin da Yaya ta yi a tsaye a bayana ba. Rigata na rataye a hannunta cikin leda, jakarta a kafaɗa. Ba ni take kallo ba.

Na so in ce inji ne. Na so in ce Mai Tawada ne, wallahi sunansa ya zo har bakin leɓena, kuma na san da na faɗa za ta yarda a wuce wurin. Sai na ji kaina ina cewa ni ce. Na gaya mata firam ɗin, da kiran da ban ɗauka ba, da "buga kawai". Na ce yanzu zan yanke, babu wanda ya gani sai mu uku.

"Kin yi min rantsuwa," ta ce.

"Na yi, Yaya."

Ta ajiye rigar a kan kujera a hankali, ta cire tabarau ta goge da gefen hijabi ta mayar. Ta durƙusa kusa da ni, gwiwarta ta yi ƙara. Ta ture rular daga wuyan da yatsa ɗaya. Ta daɗe tana kallo. A bayan allo wani yana ta neman wanda ya ɗauke masa gam. Ni dai faɗa nake jira.

"Ashe dariya nake yi," ta ce.

Ta ce duk shekarun nan in ta tuna ranar, bangon shago take gani da tarin samari, ta manta ma cewa ta yi murna. Na nuna mata saman matakalar. Ta matso da fuska ta ƙura ido, sai ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suka fara rawa. Na rasa ko kuka ne ko dariya, ina jin duka biyun ne. Ta ce ji hular, Auta, ji hular Baba a sama.

Sai ta miƙo hannu ta ce in ba ta wuƙar. Na ba ta. Ta mayar da rular kan jan layin da kanta, ta ce in danne mata. Ta kafa bakin wuƙar. Ta ja sama, ta ja gefe, ta ja ƙasa, ta ja ɗaya gefen, kowane yanka sau ɗaya. Ta ɗaga tsakiyar, jikin nan marar kai da rawayan takalmi. Na miƙa hannu zan karɓa in je in manna, sai ta nannaɗe shi ta ajiye gefe.

"Wannan nasu ne, sun gama kallonsa," ta ce. Ta dafa abin da ya rage a ƙasa, fuskarta da hannayenta da Baba, da ƙaton rami a tsakiya. "Wannan za ki rataya. Ba don kin kyauta ba. Ni na yanka, ni na ce."

Ta ƙara da cewa maganar rantsuwar ba ta wuce ba, za mu yi ta a gida, in shirya kunnena.

Biyu saura minti huɗu muka rataye ta, Yaya na riƙe min kujera. Ta ja baya ta kalla, ta ce akwai abin da ya rage. Ta kira Baba ta sa a lasifika, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, Baba, ranar nan nawa na yi? Bai tambayi wace rana ba. Ya ce daƙiƙa hamsin da shida da ɗigo takwas, agogonsu ya ce da ɗigo tara amma nasu ne ya yi ƙarya. Yaya ta karɓi baƙin alƙalami mai kauri a hannuna, ta rubuta sunanta cikakke da lokacin da ta yi a farar takarda, muka manna a tsakiyar ramin. Da Malama ta dawo ta daɗe a wurin, sannan ta tambayi wa ya kawo wannan shawarar. Yaya ta ce mai hoton ce.

Huɗu saura kwata, na canza riga ina gyara mayafi a gilashin taga, sai ga Mai Tawada, gumi ya jiƙa masa baya, naɗin takarda a kafaɗa. Ya samo. Ya buga ta yadda na tsara tun farko, marar kai, sama fari fat, ya riƙe ta da tsumma don tawadar ba ta gama bushewa ba. Ya tsaya a gaban bango ya kalli ramin, ya kalli Yaya, ya russuna ya gaishe ta ya ba ta haƙuri. Ta ce ba shi da laifi, an riga an gaya mata mai laifin. Ta ɗauki jakarta ta ce za ta je bakin ƙofa ta tari su Baba, tana so ta ga fuskarsa da idonta.

Na buɗe baki zan ba shi haƙurin maganganun safe, ya riga ni. Ba faɗa ya yi ba, da faɗa ya yi da na samu abin riƙewa. Ya jingine naɗin a bango, ya ce a hanya ya yi ta tunani.

"A aikinmu ba a buga abu sai mai shi ya duba ya ce ya gani," ya ce. "Jiya na ga ba ki buɗe ba, amma na karɓi amsar don ina so in faranta miki. Ba zan sake ba. Na kira kawu na ce ya dakata, kar ya ƙara kiran Baba."

Wata nawa na yi ina addu'ar a ɗaga min ƙafa? Ga shi an ɗaga, sai na ji kamar an janye kujera ina shirin zama. Na ce shi ke nan? Ya ce ba shi ke nan ba ne. Akwai saƙo a wayata tun sati uku, in na karanta, duk abin da na ce shi ne, ko eh ko a'a, amma in karanta tukuna. Ya juya ya bi ta ƙofar baya.

Daidai lokacin aka buɗe babbar ƙofa. Na hango farin kaftanin Baba, Yaya ta riƙe masa hannu tana jan sa kai tsaye zuwa ƙarshen zaure, Mama a bayansu tana waige-waige, na kuma san wa take nema. Baba ya tsaya cak a gaban bangon, hannunsa ya tafi kansa ya dafe hula. Ni kuwa na koma bayan allon katako, na zauna a kan kujerar da na gama takawa, na ciro waya. Saƙon yana nan, dogo, sai an danna kafin a ga ƙarshensa. Layin farko ya ce: "Na san abin da kike tsoro, ina ganin ya kamata ki ji abin da ni ma nake tsoro."

Malama ta kira lambata daga can, ta sake kira. Na danna.